Maniyyi Mai Rarrafe: Abin da Wata 'Yar Tsutsa Ta Koya wa Masana Ilmin Gado

Duk ɗalibin da ya yi darasin kimiyyar halittu a makarantar sakandare ya san siffar ƙwayar maniyyi kamar yadda malami kan zana ta a allo: kai irin na talibambam, da doguwar wutsiya wadda take kaɗawa tana iyo har ta cim ma ƙwai. Wannan zane daidai ne game da ɗan Adam da saniya da kaza da kifi. Amma akwai wani babban dangi na dabbobi da zanen bai shafe su ba, wato tsutsotsi masu mulmulallen jiki waɗanda masana ke kira nematoda. Ƙwayar maniyyinsu ba ta da wutsiya ko kaɗan, kuma ba ta iya iyo. Rarrafe take yi, tana miƙa wani sashe na jikinta gaba tana jawo sauran, kamar yadda amiba ke yi.

Mai karatu ba baƙon wannan dangi ba ne. A cikinsu akwai Ascaris, doguwar tsutsar ciki da ke damun yara, da kurkunu, da tsutsar da ke haddasa tundurmi, da wadda ke jawo makantar kogi, da kuma ƙananan da ke kumbura saiwar tumatir da kuɓewa. Ilmin gado ma yana da tsohon bashi a wuyansa na waɗannan tsutsotsi. A shekarar 1883 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Édouard van Beneden, ya duba ƙwan tsutsar cikin doki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga cewa daga cikin kuromosom huɗu da ke cikin ƙwan da ya ɗauki ciki, biyu daga maniyyi suka zo, biyu daga uwa. Daga nan ne aka fara fahimtar cewa uba da uwa rabi da rabi suke bayarwa na gado.

Tsutsar da aka zaɓa

Tsutsar ciki tana da wuyar kiwo a ɗakin bincike, domin sai cikin hanjin dabba take rayuwa. Saboda haka yawancin abin da aka sani game da ƙwayoyin gadon da ke gina maniyyin nematoda daga wata 'yar uwarta aka same shi, wadda ba ta cutar da kowa. Sunanta Caenorhabditis elegans, ana taƙaita shi C. elegans. Tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, tana zaune cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa da ganyaye tana cin bakteriya. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ne ya zaɓe ta a shekarun 1960 a birnin Kambirij na Ingila, ya kuma wallafa babban bincikensa a kan gadonta a 1974. Shi da John Sulston da Robert Horvitz sun sami lambar yabo ta Nobel a 2002 saboda aikin da suka yi da ita.

Dalilan zaɓen a fili suke. Jikinta garau yake kamar gilashi, ana ganin kowace ƙwayar halitta, wato sel, tana rabuwa alhali tsutsar na raye. Daga ƙwai zuwa balaga kwana uku ne da 'yan sa'o'i. Dubbanta na iya zama a kan ƙaramin faranti ɗaya. A 1998 aka kammala karanta jerin DNA ɗinta, kuma ita ce dabba ta farko da aka yi wa haka. Tana da ƙwayoyin gado wajen 20,000, adadin da bai yi nisa da na ɗan Adam ba. Aibunta ɗaya ga mai son kiwonta a ƙasa mai zafi shi ne ba ta jure zafi: tsakanin digiri 15 da 25 na ma'aunin Salshiyos take hayayyafa, da ya ɗan zarce haka sai haihuwa ta tsaya.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan darasi shi ne jinsinta. Mafi yawan tsutsotsin mata-maza ne, masu kuromosom X guda biyu. Jikinsu na mace ne, amma gab da balaga sukan ƙera ƙwayoyin maniyyi kimanin 300, su adana su a wata 'yar jaka da ke bakin mahaifa, sa'an nan su juya ga yin ƙwai har ƙarshen haihuwarsu. Kowane ƙwai sai ya ratsa ta cikin jakar nan kafin ya shiga mahaifa, a nan ne yake haɗuwa da maniyyi. Ta haka tsutsa ɗaya tilo kan haifi 'ya'ya wajen 300 ba tare da namiji ba. Namijin sosai, mai X guda ɗaya, akwai shi, sai dai ƙalilan ne: ɗaya ko biyu cikin dubu. Idan ya bi mata-maza, 'ya'yanta kan kai dubu ko fiye.

A lura da wannan adadi. Namijin ɗan Adam kan fitar da miliyoyin ƙwayoyin maniyyi domin guda ɗaya ta dace. A wurin wannan tsutsa kusan kowace ƙwayar maniyyi ɗa guda ce. Yawan maniyyi shi ke iyakance yawan zuriya, saboda haka duk wata matsala da ta sami maniyyin nan da nan take bayyana ga mai ƙirga 'ya'ya.

Yadda ake kama ƙwayar gado

Hanyar masana ilmin gado tana kama da ta makaniken da aka kawo wa injin da bai taɓa gani ba. Yakan cire waya ɗaya ya ga abin da ya daina aiki. Masu bincike sukan jiƙa tsutsotsi cikin wani sinadari da ake kira EMS, wanda ke jawo 'yan kurakurai nan da can cikin DNA. Daga nan sai su bi jikokin ɗaya bayan ɗaya suna neman wata alama ta musamman: mata-maza mai ƙoshin lafiya, tana ci tana yawo, amma abin da take zubarwa a faranti ƙwai ne marasa ɓawo waɗanda ba sa ƙyanƙyashewa.

To, laifin ƙwan ne ko na maniyyin? Gwaji ɗaya ke raba gardama. Sai a sa mata lafiyayyen namiji. Idan ta haihu, ƙwanta lafiya lau yake, tawayar a maniyyinta take. Wannan gwaji mai sauƙi shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya. Samuel Ward da Johji Miwa sun bayyana rukunin farko na irin waɗannan tsutsotsi a 1978 a Amurka. Ƙwayoyin gadon da aka gano ta wannan hanya an raɗa musu suna fer ko spe tare da lamba, an gutsuro sunayen daga kalmomin Turanci masu nufin ɗaukar ciki da ƙera maniyyi. Yanzu an san gommai daga cikinsu.

Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya: yaya ake kiwon dangin da ba ya haihuwa? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta Mendel. Yawancin tawayar nan ɓoyayya ce, ba ta bayyana sai tsutsa ta gaji kwafi biyu. Mai kwafi ɗaya tana haihuwa, kuma da yake ita ke ba kanta ciki kamar waken da Mendel ya shuka, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanta juya ne, sauran kuma su ci gaba da riƙe dangin. Malamin da ke neman sabon misali na rabon 3 da 1 ga ɗalibansa ya samu. Hanya ta biyu ita ce tawayar da zafi ke tayarwa: furotin ɗin yana aiki a digiri 16, amma a digiri 25 sai ya lalace. A ajiye tsutsar a sanyi ta haihu, a mai da 'ya'yanta ɗumi a yi nazari.

Maniyyi tukuna, sa'an nan ƙwai

Kafin a gina ƙwayar maniyyi sai sel ya yanke shawarar zama maniyyi. A jikin mata-maza, sel-sel iri ɗaya ne, cikin bututu ɗaya, ke zama maniyyi da farko kuma su zama ƙwai daga baya. Judith Kimble da abokan aikinta a Jami'ar Wiskonsin sun taka babbar rawa wajen warware wannan al'amari. Ƙwayoyin gado biyu, fog-1 da fog-3, su ne masu ba da umarnin ƙarshe. Idan ɗayansu ya lalace, ko namiji ƙwai zai riƙa yi a maimakon maniyyi. A samansu akwai wasu biyu da ke jayayya kamar masu jan igiya: tra-2 mai jan sel zuwa mace, da fem-3 mai jan sa zuwa namiji. Da farko ana danne saƙon tra-2, sai fem-3 ya yi rinjaye a yi maniyyi. Bayan 'yan sa'o'i sai a danne saƙon fem-3, a koma ƙwai. Tsutsar da aka ɓata wurin da ake danne fem-3 ɗinta takan yi ta ƙera maniyyi ba ƙaƙƙautawa, ba ta taɓa yin ƙwai ko ɗaya.

Me ya sa 300 kacal, tun da maniyyi ne ke iyakance zuriya? Jonathan Hodgkin da Thomas Barnes sun gwada wannan a 1991. Sun sami tsutsar da ke yin maniyyi fiye da ƙa'ida, tana haifar 'ya'ya da suka fi na sauran da kusan rabi. Amma da aka auna yadda yawan zuriyarta ke haɓaka, sai aka tarar ta gidan jiya ta fi ta sauri. Dalili kuwa shi ne sa'o'in da ta ɓata tana ƙarin maniyyi sun jinkirta fara ƙwai, kafin ta fara haihuwa 'yan uwanta sun yi nisa. A kan ruɓaɓɓen ɗan itacen da zai ƙare cikin 'yan kwanaki, wanda ya riga shi ne da riba.

Guzuri kafin tafiya

Nan ne gundarin maganar. Sel ɗin da zai zama maniyyi yakan yi rabuwar da ake kira mayosis, wato rabuwa sau biyu wadda ke rage kuromosom zuwa rabi. Sel ɗaya ya ba da 'yan maniyyi huɗu, kowanne da kuromosom shida a jikin mata-maza. Wannan duk ɗalibi ya sani. Abin da littafin makaranta bai faɗa ba shi ne yadda ake rabon kayan cikin sel ɗin. 'Yan maniyyin nan huɗu sukan tsiro kamar ƙuraje a jikin wani dunƙule na tsakiya, su tsinke su bar shi. Cikin dunƙulen da aka bari a baya ake zubar da duk abin da ba za a tafi da shi ba, har da ribosom, wato 'yan injunan da ke ƙera furotin, da kuma furotin aktin wanda kusan duk sel mai rarrafe a duniya da shi yake motsi.

Ma'anar wannan babba ce. Daga lokacin da ɗan maniyyi ya tsinke, ba zai sake ƙera furotin ko ƙwaya ɗaya ba. DNA ɗinsa a dunƙule yake tamau, ba a karanta shi. Ko da an karanta, babu injin da zai aiwatar da saƙon. Amma kuma akwai jan aiki a gabansa: zai farka, ya canja siffa, ya yi rarrafe, ya nemi hanya, ya yi gasa da wasu, ya gane ƙwai, ya shige shi. Dukkan wannan da kayan da aka ɗaure masa tun kafin rabuwa zai yi shi, kamar ayarin da zai ratsa hamada zuwa Bilma, wanda abin da bai ɗora wa raƙumi a Agadas ba ba zai same shi a hanya ba. Penny Sadler da Diane Shakes sun nuna iyakar wannan a shekarar 2000: sun sami tsutsar da ke yin maniyyin da babu kuromosom a cikinsa sam, amma duk da haka ya farka, ya yi rarrafe, ya shiga ƙwai. Tayin ne kawai ya kasa rayuwa daga baya, don rashin rabin gadonsa.

Saboda haka yawancin ƙwayoyin gadon spe aikinsu ɗaurin kaya ne. Mangalar da ake amfani da ita wata 'yar halitta ce mai sassa biyu: dami na zaruruwan furotin, da wata jaka mai fata da ke rungume da damin. Furotin ɗin da ke cikin damin shi ake kira babban furotin na maniyyi, a taƙaice MSP, wanda aka gano a 1981. Shi kaɗai ya kai kimanin kashi 15 cikin ɗari na duk furotin da ke cikin ƙwayar maniyyi, kuma tsutsar tana da kwafi da yawa na ƙwayar gadonsa domin a iya ƙera shi da yawa cikin ɗan lokaci. Ana ɗaure shi dami-dami ne domin a tabbatar ya shiga cikin 'yan maniyyi, kada ya watse ya bi shara.

Kowace tawaya tana tsayar da aikin a wani mataki, kuma ta haka ne aka gane jerin matakan. Idan spe-6 ya lalace, MSP ba ya ɗauruwa, sel ɗin kuma ya maƙale tun a rabuwar farko. Idan spe-4 ne, jakar da damin ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Kuromosom su rabu huɗu, amma 'yan maniyyi ba sa tsirowa, sai a ga ƙaton sel ɗaya mai cibiya huɗu. Shi kuma spe-15 yana ƙera wani furotin ne mai dako, dangin wanda ke motsa tsokar mutum. In babu shi rabon kaya yakan rikice, abin da ya kamata a zubar ya bi ɗan maniyyi.

Farkawa da rarrafe

Ɗan maniyyin da ya tsinke mulmulalle ne kamar ƙwallo, ba ya motsi. Namiji haka yake ajiye su, sai sun shiga jikin mata-maza suke farkawa. Farkawar ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Jakunkunan nan sukan matso su manne da fatar sel, su buɗe baki waje, su zuba abin da ke cikinsu, su kuma ƙara wa fatar sababbin furotin. A gefe guda kuma sai ƙafa ta fito, irin wadda ake kira ƙafar ƙarya a darasin amiba.

Mai tayar da su iri biyu ne. Akwai wasu ƙwayoyin gado, spe-8 da spe-12 da spe-27 da 'yan uwansu, waɗanda idan ɗaya ya lalace mata-maza ba ta haihuwa, amma namiji mai irin wannan tawaya yana ba da ciki lafiya. Abin mamaki, idan namiji ya bi irin wannan mata-maza, ruwan da ya zuba yakan tayar da maniyyinta na kanta. Gillian Stanfield da abokan aikinta sun gano sirrin: cikin ruwan namiji akwai wani furotin mai yanka furotin, TRY-5, shi ne mai tayarwa ta hanya ta biyu. Akwai kuma wani mai suna SWM-1 da ke riƙe da wuyansa har lokacin ya yi. Namijin da ya rasa SWM-1 maniyyinsa kan farka tun yana cikin jikinsa, ya cushe, ya kasa fita yadda ya kamata. Farkawa kafin lokaci da rashin farkawa duk rashin haihuwa suke jawowa.

Wannan sani ya kai ga wani gwaji mai ƙayatarwa a 2009. Wata 'yar uwar C. elegans mai suna C. remanei maza da mata sosai take da su, ba mata-maza. Ronald Ellis da abokan aikinsa suka rage ƙarfin tra-2 a jikin matan, sai suka fara yin maniyyi, amma maniyyin bai farka ba. Da suka ƙara da rage swm-1, sai ga mace tana haihuwa ita kaɗai. Taɓa ƙwayoyin gado biyu ya isa ya mai da mace mata-maza.

Yadda ƙafar ke tafiya kuwa, an fi nazarinsa da maniyyin tsutsar cikin alade, domin ya fi girma kuma ana samunsa da yawa a mayanka. Thomas Roberts a Fulorida da Murray Stewart a Kambirij sun nuna cewa a bakin ƙafar, ƙwayoyin MSP suna ta harhaɗuwa suna zama zare, zaruruwan suna saƙuwa suna tura fata gaba. A gindin ƙafar kuma suna warwarewa, warwarewar na jawo gangar jikin. Ƙwayoyin da suka warware su koma gaba a sake saƙa su. A 1996 har sun sa wannan saƙa ta gudana a kan gilashi, cikin ruwan da aka tatso daga fasassun ƙwayoyin maniyyi, ba tare da sel mai rai ba. Hausawa sun ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, kuma a nan maganar ta tabbata a zahirinta.

Rarrafen ba na ado ba ne. Duk lokacin da ƙwai ya ratsa jakar ajiya yakan share ƙwayoyin maniyyi da yawa zuwa mahaifa, tilas su rarrafo su dawo kafin ƙwai na gaba. Wanda bai iya dawowa ba za a zubar da shi waje. A nan ne kuma ake gasa: maniyyin namiji ya fi na mata-maza girma da sauri, yakan ture shi ya kama wuri, shi ya sa bayan barbara kusan duk 'ya'yan na namijin ne.

MSP bai tsaya ga zama ƙafa ba. A 2001 David Greenstein da abokan aikinsa suka gano cewa maniyyi yana fitar da shi waje ya zama saƙo ga ƙwai cewa ya nuna ya fito. In akwai maniyyi, kowane ɓangare na mahaifa kan saki ƙwai ɗaya cikin kimanin minti 23; in babu, sai tsutsar ta riƙe ƙwanta kada ta yi asara. A ƙarshe kuma akwai rukunin spe-9, wanda Andrew Singson da Steven L'Hernault suka bayyana a 1998. Maniyyi mai wannan tawaya siffarsa daidai, rarrafensa daidai, har gasa yana ci, yana kuma taɓa ƙwai, amma ba ya iya shiga. Ya zo bakin ƙofa ba mabuɗi.

Daga maniyyin tsutsa zuwa kunnen yaro

Mai karatu na iya cewa: to, mene ne ruwan mutum da rashin haihuwar tsutsar da ido ma da ƙyar yake ganinta? Labarin fer-1 ya isa amsa. Tana cikin tawayoyin farko na 1978. Jakunkunan maniyyinta sukan zo har jikin fatar sel amma su kasa mannewa su buɗe, sai ƙafa ta fito guntuwa, ba rarrafe. A 1997 William Achanzar da Samuel Ward suka karanta jerin wannan ƙwayar gado, ba tare da an san wani aiki da makamanciyarta ke yi a jikin mutum ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1998, masu binciken wata cutar gado da ke shanye tsokar ƙafa da cinya tun daga ƙuruciya suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Da suka kwatanta ta da abin da aka sani, ba ta yi kama da komai ba sai fer-1 na tsutsa. Suka raɗa wa furotin ɗin suna disfalin, suka haɗa sunan cutar da na fer-1. Daga baya aka tabbatar aikinsa shi ne manna 'yan jakunkuna a fatar sel ɗin tsoka don a yi facin inda ta yage. Aikin ɗaya ne da na maniyyin tsutsa, wurin ne ya bambanta.

A 1999 ƙungiyar Christine Petit a Cibiyar Pasteur da ke Faris ta gano ɗan uwansa, otofalin, a cikin kunne. Shi ke manna jakunkunan da ke miƙa saƙon sauti daga sel-sel ɗin kunne zuwa jijiya. Yaron da ya gaji tawayarsa daga uwa da uba kurma ake haifarsa. A farkon 2024 likitocin Jami'ar Fudan da ke Shanghai a ƙasar Sin suka wallafa sakamakon wani gwaji inda suka sanya lafiyayyar ƙwayar gadon otofalin cikin kunnen yara shida, biyar daga cikinsu suka fara ji. Ba daga tsutsa aka samo maganin ba, kuma ba daidai ba ne a ce haka. Amma lokacin da aka gano waɗannan furotin a jikin mutum, tsutsar ce ta fara nuna irin aikin da ya kamata a zata suna yi. Haka ya faru da spe-4, wanda aka karanta a 1992: da aka gano ƙwayar gadon da ke jawo cutar mantuwa ta Alzheimer mai bin dangi a 1995, sai aka ga furotin ɗinta dangin SPE-4 ne.

Dangin da ke cutarwa

Saura tsutsotsin da aka fara ambata. Macen Ascaris kan zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana ɗaya cikin hanjin mutum, amma ƙwan da maniyyi bai shiga ba ba ya zama tsutsa, ba ya kuma harbin kowa. Uwar tsutsar makantar kogi kan yi shekara goma zuwa sha biyar a ƙarƙashin fata tana haihuwa. Maganin ibamektin da ake rabawa a ƙauyuka yana kashe 'ya'yan ya kuma dakatar da haihuwar na 'yan watanni, amma ba ya kashe uwar, shi ya sa ake shan sa shekara da shekaru. Da wannan magani, tare da yaƙar ƙudan da ke yaɗa cutar, Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar, a watan Janairu na 2025.

Hana tsutsa haihuwa hanya ce da aka riga aka ga amfaninta: maganin doksisaikilin, idan an sha shi na makonni, yana kashe wasu bakteriya da ke zaune cikin jikin tsutsar makantar kogi, uwar kuma ta zama juya. To, tun da nematoda da MSP maniyyinsu ke rarrafe, maniyyin mutum da na dabbobin gida kuwa da wutsiya yake iyo, masana sun daɗe suna ganin cewa sinadarin da zai hana MSP saƙuwa zai iya tsayar da haihuwar tsutsa ba tare da ya taɓa mai ɗauke da ita ba. Tunanin yana da kyau, sai dai akwai tarnaƙi biyu. Na ɗaya, jikin mutum yana da wani furotin, VAPB, mai wani sashe da ya yi kama da MSP, wanda a 2004 aka gano cewa tawayarsa ce ke jawo wata cutar shanyewar jijiyoyi a wasu iyalai a ƙasar Burazil. Duk maganin da za a ƙera sai ya iya bambance su. Na biyu, wasu daga cikin tsutsotsin da suka fi ɓarna a saiwar tumatir ba sa bukatar namiji sam, ƙwansu kan zama tayi ba tare da maniyyi ba, don haka irin wannan magani ba zai yi wa manomin lambu amfani a kansu ba.